Ƙamshin Halwar Avdo

Avdo ne ya raɗa wa agogon suna Sufeto. Ranar da 'yarsu Senada ta zo da shi daga birnin Graz, can ƙasar waje, inda take aikin jinyar tsofaffi, ta ɗaura wa uwarta Mevlida a hannu, ta zauna tana nuna mata yadda yake magana da waya. Shi kuwa tsohon yana gefen murhu da finjalin gahawarsa, yana leƙensu ta saman tabarau.

"Wato ni shekara hamsin ina ce wa matar nan ta zauna ta huta, ba ta ji ba," in ji shi, "sai wannan ɗan abin da bai kai kwalin ashana ba ne zai zaunar da ita?"

"Ai shi ba ya tsoron harara, Babo," in ji Senada. "Kai kuwa da ta ɗaga gira sai ka nemi hularka."

Mevlida ta yi tsaki, amma ba ta cire agogon ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwon gaɓɓai ya kama ta. Yatsunta sun karkace sun nufi gefe ɗaya kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kai. Sai dai ba zafin ne ya fi damunta ba. Zafi ka san inda yake, ka shafa masa magani, ka zage shi in ka ga dama. Gajiyar ce annoba. Ba ta zuwa ranar da ka yi aiki, sai ta bari ka gama, ka yi murna, ka ce yau na ji ƙarfi, sannan washegari ko jibi ta sauko maka kamar an ɗura jiƙaƙƙen yashi a cikin ƙashi. Sai Mevlida ta yi kwana uku a gado, cokali ma ya zame mata gatari.

Abin da Sufeto ya zo gyarawa ke nan. Yana ƙirga takunta da bugun zuciyarta da barcinta. Kowace safiya wayar takan tambaye ta yadda ta tashi, ta taɓa ɗaya daga cikin fuskoki biyar, daga mai dariya zuwa mai kuka. Sai hoton wani ɗan tulu ya fito. In tulun kore ne, akwai ƙarfi. In ya koma ruwan ɗorawa, a yi hankali. In ya yi ja, a nemi kujera. Kuma duk aikin da ta kama, da ta yi minti ashirin sai agogon ya girgiza mata hannu.

"Sufeto ya yi magana!" Avdo zai ɗaga murya daga tsakar gida. "A ajiye makamai!"

Da farko ta ɗauke shi raini. Daga baya ta ga gaskiyarsa. Ta koyi wanki yau, shanya gobe. Ta koyi feraye dankali a zaune. Ta koyi barin rabin falo ba shara, ta kau da kai, abin da uwarta da ta gani da ta tashi daga kabari. Kafin bazara ta ƙare, kwanciyar kwana uku ta zama tarihi. Abin da Sufeto ya hana ta, Avdo ya ɗauka: shi ke faskare, shi ke hura murhu da asuba, shi ke buɗe duk murfin kwalbar da ya gagari yatsunta, yana yi yana mita.

A watan Oktoba ya fita tsinkar tuffa. Bai faɗo daga tsani ba, bai yi ihu ba. Ya dai sauko ya zauna a gindin itacen, ya jingina, kwandon na gefensa rabi. Da ta kai masa gahawa ta yi zaton gyangyaɗi yake yi, har ta fara yi masa tsiya.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse, Senada ta zauna gaban uwarta ta kama hannuwanta a hankali, yadda ta saba kama na tsofaffin wasu.

"Mama, haɗa kayanki. Akwai ɗaki, akwai ɗumi, ba faskare, ba hawa tudu."

"In tafi in bar wa wa ubanki?"

"Babo ya tafi, Mama."

"Ya tafi ina? Ga shi can bayan masallaci, daga tagar kicin ina hango kan kabarinsa. A garinku me zan hanga? Wankin maƙwabta?"

Suka ja, suka ja, har Senada ta yi kuka, ta share, ta sake yi. A ƙarshe ta ɗauko wayarta ta nuna mata. Tulun nan na Mevlida yana ciki, da takunta, da barcinta, komai.

"To ji nan. Duk abin da Sufeto ya gani, ina gani. In kika bi maganarsa, hunturu ya wuce ba ki kwanta ba, na bar ki a gidanki, ba zan sake tayar da zancen ba. In kuwa kika faɗi, ke da kanki za ki kulle ƙofar nan. Kin yarda?"

"Na yarda."

Kwana talatin da biyu Mevlida ta yi tana bin Sufeto kamar sabuwar amarya. Ta sa an faskara mata itace ƙanana an jera a bakin ƙofa. Ta koyi buɗe kwalba da wani ƙarfe da Senada ta aiko. In agogo ya girgiza, ko tsakiyar wanke kofi take, sai ta zauna ta dubi taga. Kowace yamma Senada takan kira ta ce, "Kore shar, Mama. Madalla." Mevlida takan ajiye wayar, gidan ya yi tsit, ba mai cewa a ajiye makamai.

Sai arba'in ta matso.

A ƙauyensu, can saman garin Maglaj, kowa ya san mamaci yakan waiwayi gidansa daren Juma'a da daren arba'in, kuma ƙamshin halwa yake bi, wato alewar da ake yi da soyayyen gari da sukari. In ya zo ya ji man shanu da gari suna soyuwa, ya san ba a manta da shi ba, ya koma da sanyin rai. In ya tarar da murhu a mace, ya juya. Liman ya sha faɗa cewa wannan ba ya cikin littafi, amma ba a taɓa miƙa masa faranti ya mayar ba.

Senada ba ta sami hutu ba sai ƙarshen mako. Ta kira ranar Litinin.

"Mata nawa za su zo karatun?"

"Ashirin, ko da ɗoriya."

"To halwar mutum ashirin ba aikinki ba ne. Ki bar wa Inna Rasema, ko in sa a kawo daga gari."

"Na ji."

"Mama. Na san wannan na jin naki."

"Na ce na ji, ko sai na rantse?"

Ta ajiye wayar ta zauna tana duban hannuwanta. Komai na duniya ta koyi raba shi gida-gida, amma halwa ba ta rabuwa. Da gari ya shiga mai, cokali ba ya tsayawa. Wuta ƙasa-ƙasa, juyi ba fashi, sa'a ɗaya da rabi in garin kilo biyu ne, har ya tashi daga fari ya koma kalar zuma. Ka tsaya ka sosa hanci, ƙasa ta kama, ɗaci ya shiga, aiki ya ɓaci. Kuma Avdo, a shekara hamsin, bai taɓa cin halwar wata ya yi shiru ba. Ta maƙwabciyarsu Rasema ma cewa yake yi da ita aka yi kwaltar hanyar garin Doboj.

Ranar Laraba bayan azahar ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta. Kona suke ce wa juna, kamar yadda matan maƙwabta ke yi, shekara arba'in da shida.

"Kona! Zo ki ji."

Rasema ta shigo tana goge hannu a gaban riga. Gajeriya ce mai ƙiba, ta girme Mevlida da shekara biyu, amma ƙafarta ba ta san zama ba.

"Miƙo hannunki," in ji Mevlida.

"Me zan samu? Awarwaro?"

Mevlida ta kwance Sufeto da ƙyar, ta ɗaura mata. Fatar wurin ta yi fari, ta yi laushi, rabonta da iska wata bakwai.

"Ki je gida ki zauna a kujera ki yi saƙarki. Sa'a biyu kawai. Kada ki share, kada ki ɗebo itace. In ya girgiza, ki ƙyale shi."

Rasema ta dubi agogon, ta dubi buhun gari da kwanon man shanu a kan tebur, ta gane.

"Ke kona, ki ji tsoron Allah. Kawo in juya miki."

"Ki juya, ya zo ya shaƙa, ya zaci gidanku ya shiga?"

"Ji mata! Marigayi mijina ya ci halwata shekara talatin."

"Shi ya sa ya riga kowa tafiya."

Rasema ta fashe da dariya, sai kuma dariyar ta karye mata a wuya, ta share ido da gefen ɗankwali.

"Sa'a biyu," ta ce. "In Senada ta kama mu, ni ban san ki ba."

Mevlida ta rage wutar murhu, ta ɗora babbar tukunyar ƙarfe, ta narka mai. Ta tafasa ruwan sukari a gefe. Ta yi bisimilla ta zuba gari, ta kama cokalin katakon da bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda hannunta.

Minti ashirin na farko jikinta da kansa ya jira girgizar. Ba ta zo ba. Ta ci gaba.

Da aka yi rabin sa'a, yatsun dama suka ƙi riƙo. Ta koma hagu. Da hagu ta gaji, ta haɗa biyun, ta rungume cokalin tana juyawa da kafaɗa. Gumi ya bi bayanta. Wayarta ta yi ƙara a kan firji, ta yi ta gaji, ta sake. Mevlida ba ta ko waiwaya ba. Garin yana ta sauya launi a hankali, fari, ruwan madara, ruwan ƙasa. Can sai ƙamshin ya tashi, mai nauyi, mai ɗumi, ya cika kicin, ya bi ta falo, ya shiga ɗakin da rigarsa ke rataye har yanzu. Ta tura taga da gwiwar hannu, wadda ke kallon bayan masallaci.

"To ga shi nan," ta ce. "Kada ka ce ban yi ba."

Ta zuba ruwan sukari, tukunya ta yi kuka, tururi ya rufe mata fuska. Ta juya na ƙarshe har halwar ta saki gefen tukunya. Kafin kiran magariba ta gama cire ta cokali-cokali ta jera a faranti huɗu. Ba ɗaci ko kaɗan.

Rasema ta dawo da agogo tana haki, kumatunta jawur.

"Kona, kada ki yi faɗa."

"Me kika yi?"

"Surukata ce za ta zaga gayyar gobe, sai aka riƙe ta a masana'anta. To gayyar karatun mamaci a waya? A ce mun raina mutane? Na ce bari in leƙa gida biyu uku. Wallahi na manta da abin nan, yana ƙarƙashin hannun riga."

"Gida nawa?"

"Duka. Har su Fadila na kan tudu."

Wayar ta sake ƙara. Mevlida ta ɗauka da hannu biyu.

"Mama," muryar Senada a kwance, irin kwanciyar da ta fi ihu. "Taku dubu goma sha huɗu. Ke da ba ki wuce dubu biyu ba tun da aka ɗaura miki shi. Har da hawa tudu."

"Sufeto ya tsufa, ɗiyata. Ruɗewa yake yi."



"To," in ji Senada. "Allah ya kai mu goben."

Ranar Alhamis mata ashirin da uku suka cika falo. Aka yi karatu, aka yi salati, aka yi wa Avdo addu'a. Mevlida na zaune a kusurwa da hannuwa cikin mayafi don kada a ga kumburin. Aka raba halwa. Fadila ta kan tudu, wadda ba ta yabon kowa, ta ɗanɗana ta rufe ido ta ce, "Wannan hannun matar gidan nan ne." Mevlida ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Ta ce a ranta, ko me zai zo, ya zo.

Ya kuwa zo, da safiyar Juma'a.

Ta farka ta ga haske a labule, ta yi niyyar tashi, jikin ya ce bai san zancen ba. Ba zafi kaɗai ba. Yashin nan ne, an ɗura shi har wuya. Bargo ya yi mata nauyin ƙofa. Murhu ya mutu tun jiya, dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, sanyi ya shigo ya zauna a ɗakin kamar baƙon da ya san ba mai korarsa. Wayar na kicin. Kofin ruwa na kan tebur, taku huɗu, ta yi ta kallonsa. Sufeto ya girgiza a hannunta, ya sake, ya sake. Ta kira kona sau biyu, muryar ba ta wuce ƙofa ba. Ba ta sani ba, Rasema ta bi motar safe zuwa asibitin gari, gwiwarta ta kumbura saboda tudun su Fadila.

Ta ji kiran sallar Juma'a. Ta ji mutane sun fito. Ta ji an kira la'asar. Abin da ba ta so ya faru a shimfiɗarta ya faru, ta rufe ido ta yi kuka ba sauti.

Rana na gab da faɗuwa mota ta tsaya a ƙofa.

Senada ce ta shigo. Ta hura murhu, ta ɗora ruwa, ta ba ta shayi da cokali. Ta wanke ta, ta sauya mata kaya da zanen gado, da hannun da ya saba, ba ta bari idonsu ya haɗu ba. Sai da ɗakin ya yi ɗumi, ta zauna a bakin gado, har yanzu da rigar aikinta a ƙarƙashin kwat.

"Tun ƙarfe takwas yake kuka a wayata," ta ce. "Ja. Ba motsi. Kin san me na yi? Na ce a kan tebur ta ajiye shi. Ko yana hannun wata mai barci. Na ci gaba da ba wata tsohuwa abinci. Sa'a uku, Mama. Sa'a uku ina gardama da shi, ke kina nan kwance."

"Halwar ubanki ce."

"Na sani. Tun daga ƙofa na ji ƙamshinta." "Da kin gaya min. Da mun sa masa a lissafi, ki huta kwana biyu kafin, kwana biyu bayan, in nemi wanda zai kwana da ke."

"Da kin hana."

Senada ta dubi ƙasa.

"Da na hana," ta ce.

Itace ya yi ƙara a murhu. Senada ta kama hannun uwarta, ta shafa agogon da babban yatsa.

"Ba halwar ba ce, Mama. Wannan abin shi ne idona. Ina can, ke kina nan, ba ni da wani ido sai shi. Kin cire idona kin ɗaura wa Inna Rasema. Yanzu ko ya nuna min kore, me zan gani?"

Mevlida ta yi tunanin rantsuwa, ta yi tunanin cewa ba za ta ƙara ba. Amma daren Juma'a yana zuwa kowane mako, ita ma ta sani, 'yarta ma ta sani. Ta juya kai ta dubi bango.

"Akwatin yana saman kabad," ta ce.

Bayan kwana tara ta kulle ƙofar da kanta, kamar yadda aka yi alkawari, ko da yake sai da Senada ta taya ta murɗa makullin. Ta miƙa wa Rasema shi, tare da cokalin katako.

"Kowace Alhamis kafin magariba. Ba sai da yawa ba, cokali uku na gari. A kicin ɗina, ba naki ba. Ki buɗe tagar."

"Na ji, kona."

"Wuta ƙasa-ƙasa."

"Na ce na ji! Tafi, kafin ki sa ni abin kunya a titi."

Ɗakin da ke Graz yana da ɗumi, gaskiyar Senada. Ba faskare, ba tudu. Tulun Sufeto kore ne kusan kullum, don babu abin da zai rage shi. Tagar tana kallon wani dogon gini mai baranda talatin da shida. Ta ƙirga.

Ranar Alhamis ta farko wayar ta yi ƙara da yamma. Fuskar Rasema ta cika gilashin, hanci da rabin ido, sannan hoton ya juya ya nuna murhu, da ƙaramar tukunya, da tagar a buɗe. Can bayanta, cikin farin ƙanƙara, ana hango katangar masallaci.

"Kina gani, kona? Ga shi ina yi."

"Kin cika wuta."

"Ban cika ba."

"Ina jin ƙararsa daga nan. Juya, kada ki tsaya surutu."

Rasema ta jingina wayar da gwangwanin sukari ta ci gaba da juyi. Mevlida ta matso da fuskarta kusa da gilashin. Tana ganin tururi yana tashi yana bin taga. Tana jin cokalinta yana goga ƙasan tukunya. Ba ta san lokacin da ta ja numfashi ta hanci ba. Sabulun wankin Senada kawai ta ji.

"Kona," ta ce. "Yana ƙamshi?"

Rasema ta sunkuya ta shaƙa, ta yamutsa fuska. Ba ta iya ƙarya ba tun suna amare.

"Gaskiya ƙauri yake yi."

Mevlida ta share ido da bayan hannu, agogon ya gogi kumatunta.

"Bar shi haka," ta ce. "Zai zo. Ko don ya yi mita, zai zo."